Baƙo raɓa, ɗan gari kaba: yadda arewacin Ontariyo ya koma rainon likitocinsa

A watan Janairun 1988, ana tsakiyar sanyin nan na arewacin Kanada mai daskarar da tafki, wasu maza biyar daga ƙauyen Sandy Lake suka shiga wani asibiti a garin Sioux Lookout da ke lardin Ontariyo, suka nemi wuri suka zauna, suka ce ba za su ƙara sa abinci a bakinsu ba sai gwamnati ta saurare su. Jagoransu shi ne Josias Fiddler. Lafiyarsu ƙalau. Abin da ya kawo su takaici ne na shekara da shekaru: ɗan'uwanka ya kwanta ciwo a ƙauyen da babu likita, a ɗauke shi a jirgin sama a kai shi gari, ya tarar da mutanen da ba sa jin yarensa, a yi masa abin da za a yi ba tare da ya gane ba, dangi kuma suna can gida babu mai yi musu bayani. Garin na Sioux Lookout, da mutanensa ba su wuce 'yan dubbai ba, asibiti biyu gare shi a lokacin. Ɗaya na gwamnatin tarayya ne, an ware shi domin 'yan asalin ƙasar, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a wurin, irin mutanen Sandy Lake, ɗayan kuma na sauran mutanen gari. Kwana biyu mutanen nan suka yi ba ci kafin gwamnati ta yarda a kafa kwamitin bincike.

Ciwo biyu wannan yajin ya bankaɗo, kuma kusan duk inda talaka yake nesa da birni a duniya tare ake samun su. Likita ba ya isa wurin. In ma ya isa, ba lallai ya ji abin da mara lafiya ke faɗa masa ba. Na zaɓi arewacin lardin Ontariyo ne domin a can an yi wani gwaji da ya shekara 20 yana tafiya, aka kuma bi sawun abin da ya haifar. Sun gaji da jiran likita daga birni, sai suka koma ɗaukar 'ya'yan yankin suna koya musu aikin a cikin garuruwansu.

Sai mutum ya san filin kafin ya gane wuyar aikin. Arewacin Ontariyo ya kai murabba'in kilomita 800,000, Najeriya kuwa gaba ɗayanta 923,000 da 'yan kai ce. Amma mutanen da ke zaune a wannan makeken fili ba su wuce 800,000 ba. Tsakanin manyan garuruwansa biyu, Sudbury da Thunder Bay, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kamar Kano zuwa Legas. A ciki akwai garuruwan masu haƙar ma'adinai da masu yankan katako, akwai irin su Hearst da Kapuskasing inda Faransanci ne harshen gida da kasuwa, sannan akwai ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar, Ojibwe da Cree da Oji-Cree, kowa da harshensa. Da yawa daga ƙauyukansu babu titin da ke zuwa. Jirgin sama ne motarsu, sai ko 'yan makonnin da ruwa ke daskarewa a bi ta kan ƙanƙara da mota. A irin waɗannan ƙauyuka nas-nas ne ke riƙe da ɗakin shan magani, likita kuwa sai ya zo ya yi 'yan kwanaki ya tafi, sauran lokacin a waya ake jin muryarsa. Mace mai ciki in ta kusa wata tara, jirgi ake sa ta ta tafi gari ta zauna jiran haihuwa, ta bar 'ya'yanta da mijinta.

Tun 1969 gwamnatin lardin take ba da kuɗin ihisani ga duk likitan da ya yarda ya je arewa. Wasu sun je, wasu ma sun zauna. Amma mafi yawa wa'adinsu suke cikawa su tattara su koma Toronto, a cike gurbinsu da likitocin riƙon ƙwarya masu zuwa na mako biyu ko wata guda. Mai ciwon suga sai ya ga likita biyar a shekara, kowanne ya fara tambayarsa daga farko, kowanne ya taɓa maganinsa. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa tana jiƙa ganye da safe, hantsi na yi ta tafi.

Laifin waye?

Saurin ɗora wa likitoci laifin son birni ba ya kai mu ko'ina. Wani likitan Birtaniya, Julian Tudor Hart, wanda ya yi rayuwar aikinsa a wani ƙauyen masu haƙar kwal a yankin Wales, ya rubuta a 1971 cewa inda aka fi buƙatar kulawar likita nan ne ta fi ƙaranci, musamman inda aka bar wa kasuwa rabon. Wani ɓangare na dalilin yana cikin yadda ake yin likitan kansa.

Tun bayan rahoton da Abraham Flexner ya fitar a 1910 kan makarantun likitanci na Amurka da Kanada, tsarin da duniya ta bi shi ne a ɗaure makaranta a jikin jami'a da babban asibitin koyarwa. Wannan ya yi amfani ƙwarai, ya kori 'yan damfara daga sana'ar, ya dasa ta a kan kimiyya. Sai dai ya zo da nasa. A 1961 Kerr White da abokan aikinsa sun yi wani lissafi da har yau ake komawa gare shi: a cikin manya 1,000, a wata guda kimanin 750 za su ji wani ciwo, 250 za su ga likita, 9 za a ba su gado, mutum 1 tak zai kai asibitin koyarwa. To ɗalibin likitanci a kan wannan mutum ɗaya yake yin shekarunsa. Cututtukan da yake gani su ne mafiya wuya da ƙaranci, malamansa ƙwararru ne a gaɓa guda, zuciya ko ƙoda ko ƙwaƙwalwa, kuma kowane gwaji yana ƙofa ta gaba. Sannan kullum yana jin ana cewa “dubi yadda suka lalata mara lafiyar nan a ƙauye kafin su turo shi.” Wanda ya girma a birni, ya yi karatu a birni, ya yi aure a birni, ya kuma sha irin wannan magana shekara shida ko takwas, ranar da aka tura shi asibiti mai gado 20 tsoro ne zai fara kama shi. Ba a koya masa aiki a inda babu na gaba da shi ba.

Likitan da irin wannan wuri ke bukata shi ne likitan iyali. A Kanada fanni ne mai zaman kansa, ana yi masa horon shekara biyu bayan digirin likitanci. A birni aikinsa ya fi yawa a ofis, yana duba yaro da uwa da kaka, yana tura wanda ya fi ƙarfinsa gaba. A ƙaramin gari kuwa shi ne komai. Da safe ya zagaya waɗanda aka ba gado, da hantsi ya zauna duba masu kati, da daddare a taso shi an kawo wanda injin yankan katako ya sara, gobe ya karɓi haihuwa, jibi ya zauna da dangin wanda ke gargara. Wasu kan ƙara shekara ta uku su koyi sa mutum barcin tiyata, ko fiɗar ciro jariri, ko aikin sashen gaggawa, domin ƙwararren da zai yi yana nesa da awa biyar.

A kan wannan aka gina makarantar likitanci ta arewacin Ontariyo, wadda ake taƙaita sunanta da NOSM. Ta buɗe a 2005 da ɗalibai 56, ƙafarta ɗaya a Sudbury ɗaya a Thunder Bay. Shugabanta na farko, Roger Strasser, likitan iyali ne da aka ɗauko daga Ostareliya, inda ya daɗe yana aikin lafiyar karkara. Tun a takardar kafa ta aka rubuta cewa hakkin mutanen yankin yana wuyanta, wato abin da za a auna ta da shi shi ne ko lafiyarsu ta gyaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan aƙida tun 1995, makarantu da yawa suna ambatonta a jawabin yaye ɗalibai. Wannan ita sai ta sa ta a jadawalin karatu.

Kafin a ɗauki ɗalibi ko ɗaya, an zauna da mutane. A 2003 an yi taro da 'yan asalin ƙasar a wani ƙauyensu kusa da garin Kenora, aka tambaye su irin likitan da suke so. Ɗaya daga abubuwan da suka nema shi ne ɗalibai su zo su zauna da su, su ga yadda suke rayuwa.

Daga ƙofar shiga aka fara gyara. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna abu guda: babu alamar da ta kai garin da mutum ya tashi wajen nuna inda zai yi aiki. Ɗan karkara ya fi yiwuwa ya koma karkara. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa wannan a shawarwarin da ta fitar a 2010 kan riƙe ma'aikatan lafiya a wurare masu nisa. Don haka makarantar take ƙara wa mai neman gurbi maki in ya tashi a arewa, ko a ƙauye, ko ɗan asalin ƙasa ne, ko mai Faransanci. Ba ta neman babbar jarabawar shiga da yawancin makarantun likitanci na Amurka da Kanada ke nema, wadda 'ya'yan masu hali suka fi samun kuɗin shirya mata. Sannan a cikin masu yi wa ɗalibai tambayoyin tantancewa har da mutanen gari waɗanda ba likitoci ba. Masu suka sun ce za a zubar da inganci. Ɗaliban sun zauna jarabawar ƙasa ɗaya da ta kowa, sun kuma ci.

Makonni huɗu, sannan wata takwas

A ƙarshen shekarar farko kowane ɗalibi, ba zaɓi, sai ya je ya yi mako huɗu a wata al'umma ta 'yan asalin ƙasar. A lokacin bai iya komai na kirki ba a aikin likita, kuma da gangan aka yi haka. An kai shi ne ya koya. Mutanen garin su ke tsara masa kwanakinsa. Zai zauna da dattawa, zai bi masu kamun kifi, zai shiga kantin garin ya ga kuɗin madara da kayan lambu da jirgi ya kawo, ya shiga gida mai ɗaki uku da mutum goma sha ke kwana. Wanda ya ga farashin nan da idonsa, in ya zama likita, zai yi tunani kafin ya ce wa mai ciwon suga “ka riƙa cin ganye da 'ya'yan itace” ya rufe kati. A shekara ta biyu kuma sau biyu ake tura shi ƙananan garuruwa, mako huɗu-huɗu.

Ina da ja a kan wannan zama na mako huɗu, kuma ba zan ɓoye ba. Wata guda ba ya isa mutum ya san jama'a, yana ma iya sa shi ya ɗauka ya sani, wanda ya fi rashin sanin haɗari. Akwai kuma nauyin da ake ɗora wa talakawan gari na karɓar baƙi duk shekara, suna buɗe musu gidajensu da tabon da ke zuciyarsu. Abin da ya sa nake ganin ya tsira daga zama yawon kallon talauci shi ne linzamin yana hannun masu gari, su ne malamai, kuma ba a nan karatun ya tsaya ba.

Zuciyar tsarin tana shekara ta uku. A makarantun da aka saba, ɗalibi kan yi mako shida a sashen yara, shida a tiyata, shida a haihuwa, yana tsalle daga wannan zuwa wancan, mara lafiya kuma ba ya sake ganinsa bayan sallama. A nan kuwa ɗalibi zai tattara kayansa ya koma gari guda, irin su Kenora ko Timmins ko Sioux Lookout, ya yi wata takwas a ƙarƙashin likitocin iyali na garin. An aro dabarar ne daga irin abin da jami'ar Flinders ta Ostareliya ta fara a 1997, amma NOSM ce ta fara wajabta shi a kan dukan ɗalibanta.

Ga yadda abin yake a aikace. A watan farko wata mai ciki za ta zo awo, ɗaliba ta auna ta, ta ji bugun zuciyar ɗan tayi. Wata mai zuwa ita ce dai za ta sake ganinta, ta lura jininta ya fara hawa. Za ta gane cewa matar ba ta zo awon da ya wuce ba ne domin motar gidan guda ce, miji kuma yana tafiya da ita wurin aiki. Daren da naƙuda ta tashi za a kira ta, ta tsaya har a haihu. Bayan mako shida ita za ta duba jaririn, a nan kuma ta ga uwar ta yi zuru-zuru, ba ta barci, ba ta dariya, ta san ba haka take ba domin ta san ta tun kafin. A cikin mace ɗaya ta koyi awo, da hawan jini, da karɓar haihuwa, da duba jariri, da ciwon damuwa na bayan haihuwa. Ta kuma haɗu da kakar jaririn a kanti, ta san malamin makarantar garin, wataƙila ta shiga ƙungiyar wasan ƙwallon ƙanƙara. Tsoron ƙaramin gari a haka yake fita, sabo ya maye gurbinsa.

Bayan digiri, masu son zama likitocin iyali suna iya yin shekarunsu biyu na ƙwarewa a yankin. Akwai ma wani reshe da aka buɗe tare da mutanen Eabametoong, ƙauyen da jirgi kaɗai ke zuwa mafi yawan shekara, inda mutanen garin ke cikin masu zaɓen likitan da za a horar domin su, dattawansu kuma suna cikin masu koyar da shi.

Sanin al'ada, da abin da ya fi shi

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Shekaru da yawa abin da ake kira koyar da al'ada a makarantun lafiya bai wuce lacca ɗaya ko biyu ba: ƙabila kaza ba sa kallon ido, ƙabila kaza ba sa son a ambaci mutuwa. Ɗalibi ya haddace, ya fita da kwandon zato. Wata nas 'yar ƙabilar Maori a ƙasar Niyu Zilan, Irihapeti Ramsden, ita ta juya tambayar a ƙarshen shekarun 1980. A ganinta, ma'aikacin lafiya ya fara duba kansa tukuna, da irin zaton da ya shigo da shi, da ƙarfin ikon da farar rigarsa ta ba shi a kan wanda ke kwance. Kuma mai cewa an kyauta ko ba a kyauta ba shi ne mara lafiya. In ya fita yana jin an wulaƙanta shi, to aikin bai yi ba, komai kyan niyyar mai yi. A 1992 hukumar nas-nas ta ƙasar ta sa wannan a cikin abin da ake jarraba ɗalibai a kai, daga nan ya bazu har Kanada.

Wanda yake ganin wannan maganar ladabi ce kawai, ya ji labarin Brian Sinclair. A watan Satumbar 2008, a birnin Winnipeg na lardin Manitoba mai maƙwabtaka, wani likita ya duba shi a ƙaramin asibiti ya ga robar fitsarinsa ta toshe, ya rubuta takarda, ya sa shi a tasi zuwa sashen gaggawa na babban asibiti. Ɗan asalin ƙasa ne, shekararsa 45, an yanke masa ƙafafu biyu, yana kan keken guragu. Ya yi magana da wani ma'aikaci a bakin ƙofa, ya tura kekensa gefe yana jira. Ba a rubuta sunansa ba. Awa 34 yana wurin. Ya yi amai, aka kawo masa kwano. Waɗanda suka zo bayansa aka duba su suka tafi. A binciken da aka yi daga baya, ma'aikata sun ce sun ɗauka ya bugu ne yana barci, ko marar gida ne ya shigo fakewa. Da aka zo taɓa shi ya riga ya sandare, takardar likitan tana aljihunsa. Ciwon mafitsara ne da canjin roba da maganin kashe ƙwayoyin cuta za su warkar. Shekara 12 bayan haka, a Satumbar 2020, Joyce Echaquan, uwar 'ya'ya bakwai 'yar ƙabilar Atikamekw, ta kunna Facebook kai tsaye daga gadon asibiti a lardin Kebek, duniya ta ji ma'aikata suna zaginta tana kururuwar ciwo. A ranar ta rasu, mai binciken musabbabin mutuwa kuma ta ce wariyar launin fata na cikin abin da ya kashe ta. Duka asibitocin biyu akwai magani, akwai ƙwararru.

Akwai kuma tarihi a ƙarƙashin wannan duka. Kimanin yara 150,000 na 'yan asalin ƙasar aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka gudanar, aka hana su yarensu, dubbai suka mutu a can, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. An kwashi masu tarin fuka zuwa asibitoci masu nisa, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Tsohon da ya ƙi zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsa, likitan da bai san wannan tarihi ba zai rubuta masa “ba ya bin umarni.” Shi ya sa hukumar gaskiya da sasantawa ta Kanada, a cikin buƙatu 94 da ta gabatar a 2015, ta nemi a wajabta wa ɗaliban likitanci da na jinya karatun wannan tarihi, a ƙara yawan ma'aikatan lafiya 'yan asalin ƙasa, a kuma mutunta hanyoyinsu na gargajiya na neman waraka.

Sai harshe. Na san wannan da kaina, ba a Kanada ba. Na taɓa raka gwaggona wani babban asibiti a ɗaya daga biranenmu. Likitan saurayi ne mai kirki daga wani sashe na ƙasar, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, sai na zama tafinta. Ya tambayi abin da ke damunta. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta ce, “Ɗana, ce masa sanyi ne.” Na faɗa masa da Turanci kamar yadda na ji. Ya shiga tambayar tari da mura, ya ɗora abin awo a ƙirjinta, tana ta cewa a'a. Wata nas da ke gefe tana rubutu ta ɗago, ta ce, “Malam, ɗan ba mu wuri.” Na fita. Minti biyar ba a yi ba ta gano abin da ya kawo ta, ciwon mata ne da ta shekara tana fama da shi, wanda ba za ta taɓa faɗa a gaban ɗan ƙaninta ba. Da nas ɗin nan ba ta wurin, da maganin mura za mu koma da shi gida. Kalmar na sani, ma'anarta a bakin mata ce ban kawo a raina ba, kuma ko na kawo, kunya ba za ta bar mu ba, ni da ita. Saboda irin wannan ne ake koya wa likitan iyali kada ya mai da ɗa ko miji tafinta in akwai horarre, ya kalli mara lafiya lokacin da yake magana maimakon tafintan, ya kuma nemi a maimaita masa abin da aka fahimta. A garuruwan masu Faransanci na Ontariyo ana koya wa ɗalibai su fara tayin harshen da kansu, kada su jira a roƙa, domin tsohon da ya iya Turancin kasuwa, in zafin ciwo ko ruɗewar tsufa ta zo, harshen uwarsa yake komawa.

Me aka samu? Alƙaluman da makarantar ta fitar a shekarunta na farko sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗalibanta 'yan yankin ne, kimanin kashi 60 sun zaɓi zama likitocin iyali, abin da ya ɗara na sauran makarantun ƙasar nesa ba kusa ba. Waɗanda kuma suka yi digiri da horon ƙwarewa duka a can, fiye da kashi 90 a arewa suka tsaya aiki. Garuruwan da suka shekara suna tallar neman likita sun samu. A 2022 makarantar ta zama jami'a mai cin gashin kanta.

Amma ba a gama ba, kuma bai kamata a yi wa mai karatu kwalliya ba. Makarantar da kanta ta ƙiyasta cewa yankin yana da giɓin likitoci sama da 300. Tsofaffi suna ritaya, na ƙananan garuruwa suna gajiya da kiran dare, har akan rufe sashen gaggawa na wani lokaci saboda babu mai tsayawa. 'Yan asalin ƙasa a cikin ɗaliban farko kusan kashi 7 ne, ƙasa da kasonsu a jama'ar yankin, kuma dalilin ya faro tun kafin jami'a. Ƙauyuka da yawa ba su da cikakkiyar sakandare, yaro ɗan shekara 14 sai ya bar gida ya tafi birni karatu. Tsakanin 2000 da 2011 irin waɗannan ɗalibai bakwai suka mutu a Thunder Bay, da yawansu a kogi aka tsinci gawarsu. Sannan akwai abin da ya fi ƙarfin kowane likita. Mutanen ƙauyen Neskantaga tun 1995 aka ce musu kada su sha ruwan famfonsu sai sun tafasa. Likita zai rubuta man shafawa ga yaro mai ƙuraje, yaron ya koma wanka da ruwan nan. Abin da horon zai iya shi ne ya fitar da likitan da zai ɗauki wannan a matsayin aikinsa, ya rubuta, ya yi magana, ya tsaya tare da shugabannin garin.

Wannan hanya ba Kanada ce ta ƙago ta ba. Kwalejin likitanci ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani a Sudan, yankin da Hausawa suka daɗe da zama, tun ƙarshen shekarun 1970 take tura ɗalibanta ƙauyuka, tana haɗa su da iyalan da za su riƙa bibiya. Ita da NOSM da Jami'ar Walter Sisulu ta Afirka ta Kudu da wasu a Filifin da Kuba suna cikin ƙawance guda na makarantu masu wannan aƙida. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya ɗaiɗaita Wad Madani da jami'arta, abin da ke ci mini rai duk lokacin da na tuna.

A Sioux Lookout kuwa, yajin mutum biyar ɗin nan ya kai ga yarjejeniya a 1997 tsakanin shugabannin ƙabilun da gwamnatin tarayya da ta lardi da hukumar garin, cewa a haɗe asibitocin biyu. Sabon ginin ya buɗe a 2010 da sunan Meno Ya Win, kalmar da a harshensu ke nufin cikakkiyar lafiya, yana kula da garin da ƙauyuka kusan 30 na arewa. Ɗaliban NOSM da masu horon likitan iyali suna koyon aiki a cikinsa. Akwai tafintoci na Ojibwe da Cree da Oji-Cree, akwai dattawa da masu maganin gargajiya a cikin ma'aikata, akwai ɗakin da aka gina musamman domin addu'o'insu da turarensu. Dokar lardin ta hana asibiti dafa naman da hukuma ba ta duba ba, sai aka yi wa wannan asibitin togaciya. Mafarauta da masunta sukan kawo kifi da dinyar daji da naman wata babbar dabbar dawa da suke kira mus, a dafa a kicin na daban, a kai wa tsohuwar da jirgi ya kawo daga ƙauye irin abincin da ta tashi tana ci.